Mujiyar Roba Ba Ita Ta Kai Rahoto Kano Ba

Kafin komai ina neman afuwar editan wannan mujalla tamu, domin alkawarin da na yi masa shi ne zan rubuto bayani a kan sabunta takardar izinin zama, to amma sai ga wani al'amari ya taso a tsakaninmu wanda na ga idan na kame bakina a kansa na ci amanar wani ƙanenmu. Da yawanku kun ga hoton da zan yi magana a kai, wasunku ma da hannunsu suka tura shi gaba, saboda haka ba wani rufaffen abu zan buɗe ba. Ba zan kama sunan kowa ba, duk da cewa kowannensu na san shi, na kuma ci abinci a kwano ɗaya da shi.

A wani gida da ke hawa na 14 a unguwar Setapak akwai samari biyar da suka saba haɗuwa kowace Juma'a bayan sallar isha'i: Hausawa uku, ɗan Malesiya ɗaya, da wani ɗan Yaman. Sukan sayo roti canai da teh tarik daga shagon mamak da ke ƙasan benen, su kewaye teburi su yi wasan nan da ake kira Dungeons & Dragons. Ran nan sai wani ɗan uwanmu ya hau gidan aron caja. Aka yi masa maraba, aka zuba masa shayi, ya zauna kamar mai kallo. Ashe yana zaune ya karkata wayarsa ya ɗauki hoton teburin ba tare da kowa ya ankara ba. Abin da ya fito a hoton shi ne wata faffaɗar takarda mai gidaje-gidaje, da wasu takardu cike da lambobi, da ƙwayoyin jefawa irin na ludo amma masu fuskoki da yawa, da wata 'yar mujiya ta roba wadda ba ta kai babban yatsa tsawo ba, sai kuma rabin fuskar ƙanen namu. Kafin asuba hoton ya shiga zaurenmu na WhatsApp, ɗauke da innalillahi da bayanin cewa yaran da aka turo karatu sun koma tsafi da mujiya da hatimi.

Kwana 2 kacal hoton ya yi ya isa Kano. Daga zaurenmu ya faɗa zauren tsofaffin ɗalibai, daga can wata ta tura wa ƙanwar mahaifiyar yaron, ita kuma ta kai wa Alhaji. Yaron nan yana zangon karatunsa na ƙarshe a fannin injiniya. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda tun da darajar naira ta zube a 2023 yake sayar da wannan ya jinginar da wancan domin ya haɗa ringgit ɗin makaranta. Da ya ga hoton sai ya ce ba zai ƙara turo ko kwabo ba, yaro ya tattaro kayansa ya dawo gida a yi masa ruƙiyya. Ƙarfe 1 na dare yaron ya buga mini ƙofa, idanunsa jajur, abin da kawai ya iya faɗa shi ne: "Yaya, wallahi roba ce." A masallaci kuwa, waɗanda da suke rige-rigen miƙa masa hannu sai suka koma matsawa gefe. An mayar da shi mujiya a kan mujiyar ringgit 12.

Tunda na lura yawancin masu yanke hukunci ba su taɓa ganin wasan ba, bari in bayyana shi. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, kuma a yau kamfanin Wizards of the Coast ne ke buga littattafansa. Tatsuniya ce da ake yi da taro. Mutum ɗaya ne mai jan labari, shi ke cewa ga gari, ga daji, ga abin da kuka tarar a bakin ƙofa. Sauran kuwa kowa yana da jarumin da ya ƙirƙira, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan da ke cikin jakarsa a takarda, da lambobi. Idan ɗan wasa ya ce jarumina zai haura katanga, sai ya jefa ƙwaya mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambar da ke takardarsa, a ga ko ya haura ko ya faɗo. Babu kuɗi a tsakani, babu mai ci, babu wanda aka cinye. Bambancinsa da tatsuniyar da kakanninmu mata suka yi mana a tsakar gida shi ne, a nan masu sauraro suna da bakin magana, kana iya cewa Gizo kada ya shiga kogon nan, a kuma ji abin da zai biyo baya.

Ita kuwa mujiyar ga asalinta. A cikin littafin jagoran wasa na 2014 akwai jerin kayan al'ajabi da jarumai ke iya tsinta a cikin labari, daga ciki har da wasu 'yan sassaƙe-sassaƙen dabbobi masu shiga aljihu. A labarin, jarumi yakan jefa ɗan sassaƙen a ƙasa ya faɗi wata kalma, sai ya zama dabba mai rai ta yi masa aiki. Akwai hankakan azurfa wanda ke rayuwa awa 12 ana aikensa da saƙo, sannan sai ya huta kwana 2. Akwai karen baƙin dutse mai magana, mai gani a cikin duhu, har abin da ya ɓace wa ido yana hangowa, shi awa 6 yake yi sannan a jira kwana 7. Akwai ƙudan itacen kanya da ke girma har a hau shi kamar doki, da giwa, da zakunan zinariya, da awakin hauren giwa guda 3. Sai mujiyar koren dutse, wadda ke zama ƙatuwar mujiya na tsawon awa 8, tana shawagi tana sanar da mai ita abin da take gani ta cikin zuciyarsa komai nisa, shi ya sa 'yan wasa ke ƙaunarta wajen leƙen sansanin abokan gaba. Mai karatu ya lura da waɗannan awoyi da kwanaki. Wanda ya tsara su mai lissafi ne da ke tsoron kada ɗan wasa ɗaya ya samu kayan da zai fi kowa ƙarfi wasan ya lalace, kamar dai yadda aka ƙayyade wa ɗan dara gidan da zai taka. Ban taɓa jin bokan da ya ce aljaninsa yana tashi daga aiki bayan awa 8 ya tafi hutun kwana 2 ba.

Kuma ita wannan mujiya mai leƙen asiri a bakin mai jan labari kawai take, da layi ɗaya na fensir a takarda. Ta robar da ke kan teburi alama ce da ake matsarwa don kowa ya ga inda tsuntsuwar ta kai a taswira. Kafin yaron ya saye ta, marfin kwalba suke sawa. Takarda mai gidaje-gidajen da aka kira hatimi kuwa ita ce taswirar, kowane gida yana madadin ƙafa 5. Na karɓe ta na duba, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro, domin abin da yaron ya zana shi ne Ƙofar Mata ta Kano, da ganuwa, da ramukan marina da ke gefenta, da lungunan da suka nufi kasuwar Kurmi. Labarin da yake ja musu na wani ayarin fatake ne da suka taso daga Agadas da gishirin Bilma, aka sace musu raƙuma a zango, jarumai suka aiki mujiya ta leƙa gidan da ake zargi. Ɗan Malesiyan nan yanzu ya san madugu, ya san Sarkin Ƙofa, yana tambayar yadda ake rini da baba. Ni shekarata 6 a ƙasar nan, ban taɓa sa wani ɗan ƙasa ya tambaye ni mene ne madugu ba.

Yanzu sai mu zo kan kalmar tsafi. Sihiri akwai shi, haramun ne, yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, babu Musulmin da ke jayayya a kan wannan. Amma sihiri yana da kamanni: mutum ya ƙudurta cewa wani abu zai yi masa aiki a wannan duniya ta zahiri, ya nemi boka ko aljani, ya yi yanka, ya biya kuɗi, ya binne wani abu, domin ya cuci wani ko ya samu abin da ba rabonsa ba. Ƙasar nan da muke zaune ta ga irinsa ƙiri-ƙiri. A 1993 wata mawaƙiya da ta koma bokanci, Mona Fandey, ita da mijinta da yaron aikinsu suka kashe Mazlan Idris, ɗan majalisar jihar Pahang, wanda ya je wurinsu neman asirin ɗaukaka a siyasa, suka daddatsa gawarsa suka binne. An rataye su ukun a gidan yarin Kajang a 2001. A nan akwai imani, akwai kuɗi, akwai jini. Malayawa suna da labarin pelesit, wata fara da ake cewa mai asiri yana kiwo yana aikawa gidan wanda yake so ya cuta, da toyol, ɗan jaririn aljanin da ake aike sata. Mu ma muna da namu, kurciya da sammu da layar zana da sauransu. Duk wanda ya je neman waɗannan yana jiran sakamako ne a rayuwarsa. To wane sakamako yaran Setapak ke jira? A tambaye su ko akwai wanda ya taɓa tura mujiyar roba ofishin malaminsa ta leƙo masa tambayoyin jarrabawa. Da ƙarfe 12 ya buga sai a mayar da ita cikin gwangwanin alawa tare da fensira da abin goge rubutu.

Idan kuwa ambaton abin al'ajabi a cikin labari shi ne tsafi, to sai mu fara ƙone-ƙonen daga ajin firamarenmu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1937, wane ne jigonta? Tsuntsu ne, aku, mai hankalin da ya fi na fadawa, wanda aka bar wa tsaron ɗan sarki, ya yi ta ɗauke masa hankali da labarai har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, daga ƙarshe shi kansa aka naɗa shi waziri. Ruwan Bagaja da Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljannu da ƙasashen da babu su a taswira. An karantar da mu su a aji, an yi mana jarrabawa a kansu, kuma wasu daga malaman da suka karantar da mu su ne ke jan mu salla a unguwa. Babu wanda ya kira Imam matsafi, shi da ya rubuta tarihin Manzon Allah da Hausa. Iyayenmu sun san inda labari ya tsaya da inda rayuwa ta fara, shi ya sa ake buɗe tatsuniya da ga ta nan ga ta nanku a rufe da ƙurunƙus. Mu ne da muka zo neman digiri na biyu da na uku muka kasa gane wannan shinge.

Shi kansa wannan tsoro ma ba namu ba ne, aro ne, kuma tsohon aro. A watan Agusta na 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16, James Dallas Egbert, ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan a Amurka. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka, William Dear, ya jefa wa 'yan jarida zaton cewa wataƙila wasan ne ya ja shi cikin ramukan bututu na ƙarƙashin jami'ar, jaridu kuwa suka ɗauka suka yi ta kururutawa. Bayan kamar wata guda aka same shi a wata jiha, daga baya kuma shi Dear ɗin da kansa ya rubuta cewa damuwar yaron daban take da wasan. Amma magana zarar bunu ce. A 1983 wata mata a jihar Virginia, Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, ta kuma kai ƙara kotu aka yi watsi da ƙarar. A 1984 wani mai wa'azin Kirista, Jack Chick, ya buga ɗan littafin zane da ke nuna wasan a matsayin ƙofar shiga ƙungiyar matsafa. Matsin ya kai har kamfanin ya sauya sunayen shaiɗanu a bugun da ya fara fitowa a 1989. Bidiyoyin Turanci da wasunku ke turo mini a matsayin hujja tun da abin nan ya faru, duk jikokin wancan ɗan littafi ne. Sai dai ku sani, shi wannan Chick ɗin ya buga irin waɗannan 'yan littattafai na ɓatanci ga Musulunci da Manzonsa. Idan shi ne malamin da za ku ɗauki fatawa a wurinsa, ku karanta sauran darussansa tukuna.

Kada a ce na wanke wasan tas, domin akwai tambayoyi na gaske a kansa, kuma na faɗa wa yaran a gaban idonsu. Ta farko ita ce mutum-mutumi. Hadisan da suka yi hani a kan sassaƙa abu mai rai sanannu ne, haka kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai a cikin 'yan tsanar Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ba shi amsa ya yi dariya bai hana ta ba. Malamai sun yi bayani a kan iyakar wannan sauƙi, ko na yara ne kawai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya koma marfin kwalba, wasan bai rasa komai ba. Ta biyu ta fi nauyi, ita ce ƙwayar jefawa, saboda hadisi mai tsanani da ke cikin Sahihu Muslim a kan wasan nardi, wanda mafi yawan malamai suka haramta ko babu kuɗi a ciki. Ko hukuncin ya shafi duk wasan da ake jefa ƙwaya, wannan magana ce da za a zauna gaban malami a baje masa wasan ya gani. Amma a cikin ɗakunanmu nawa ne babu kwalin ludo, a wayoyinmu nawa ne babu ludo? Ban ga an ɗauki hoton kowa an aika wa ubansa ba. Ta uku ita ce lokaci. Wanda ya kai ƙarfe 3 yana bin raƙuman Agadas ya rasa asuba, ko ya rasa aji, ya cuci kansa, domin abin da ke hana sabunta izinin zama a ƙasar nan shi ne halartar aji ƙasa da kashi 80 cikin 100 ko maki ƙasa da 2.0. Yaron da muke magana a kai bai kusanci ko ɗaya ba.

Duk waɗannan tambayoyin fiƙihu ne da na tarbiyya, ana iya saɓani a kansu a tashi a yi salla a sahu ɗaya. Jifan Musulmi da sihiri wani abu ne daban, domin maƙwabcin kafirtawa ne. Ko a nan Kuala Lumpur, lokacin da aka yi ce-ce-ku-ce a kan wasan Pokémon Go a 2016, kwamitin fatawa na Yankin Tarayya ne ya zauna ya duba, Mufti Zulkifli al-Bakri ya fito ya sanar da hani da sunansa da dalilansa. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ka san wanda ya faɗa da abin da ya dogara a kai. Mu namu muftin hoto ne da aka ɗauka a sace, da hannun da ke riƙe da kofin shayin masu gida.

Wanda ke tsoron sassaƙen dabba mai leƙen asiri, ga na gaske. A watan Agusta na 1945 wasu yara 'yan makaranta na Tarayyar Sobiyat suka kai wa jakadan Amurka a Mosko, Averell Harriman, kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da katako, da mikiya a tsakiyarsa. Jakada ya ji daɗi ya rataye a ɗakin karatunsa. Shekara 7 mikiyar nan tana sauraron jakadun Amurka, sai a 1952 aka gano abin da ke cikinta, wata 'yar na'ura da Leon Theremin ya ƙera, ba ta da batir ba ta da waya, tana kwance shiru har sai an haska mata igiyar rediyo daga waje sannan ta farka ta fara kai rahoto. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai suna Cayla, ta ce na'urar leƙen asiri ce a ɓoye, ta shawarci iyaye su lalata ta. A wannan shekarar dai aka bankaɗo cewa bayanan layukan waya miliyan 46.2 na ƙasar Malesiya sun fita an sa su a kasuwa, da sunaye da adireshi da lambobin shaida. Babu aljani ko ɗaya a cikin waɗannan. Kuma kowannenmu yana yawo da abin da ya fi mikiyar Mosko kunne da ido a aljihunsa. Da shi aka leƙi gidan Setapak.

Saboda haka a daren nan an yi leƙen asiri sau biyu a kan teburi ɗaya. Ɗaya a cikin labari, a kan ɓarayin raƙuman da babu su. Ɗaya a zahiri, a kan Musulmi biyar da ke cikin gidansu. Na farkon sai an yi dogon istinbaɗi kafin a samo masa laifi. Na biyun kuwa Alƙur'ani ya ambace shi da sunansa a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, a jere da mummunan zato da yi da mutum, kuma aya ta 6 ta wannan sura ta umarci wanda aka kawo wa labari da ya bincika kafin ya cuci mutane cikin rashin sani. Wannan ayar ta shafi mai hoton, ta kuma shafi duk ɗan yatsan da ya danna tura. Ku tuna ma da alhudahudan Annabi Sulaimanu a Suratun Namli, tsuntsun da ya leƙo ƙasar Saba ya dawo da rahoto. Annabin Allah ne, tsuntsun kuma nasa ne, amma bai ɗauki mataki ba sai da ya ce zai gwada ya ga ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya. Malamai kuma suna kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya haura katanga ya tarar da wani a kan saɓo, mutumin ya tunatar da shi cewa ya yi leƙe, ya shigo ta inda ba ƙofa ba, kuma bai nemi izini ba, Umar ya karɓi maganar ya fita. Wancan saɓon gaske aka tarar. Mu namu ɗan uwan ta ƙofa ya shiga, aka karrama shi, bakinsa na nan, da ya ce wai wannan mene ne kuke yi da an bayyana masa cikin minti 5. Ko a cikin wasan ma, idan aka aiki mujiya sai an jefa ƙwaya a ga ko ta gani daidai ko ta yi kuskure, domin masu wasan sun yarda ɗan leƙen asiri yana iya ganin tulu ya ce mutum ne.

Ina da magana da shugabannin ƙungiyarmu, kuma da girmamawa nake yin ta. Hoton nan kwana 3 ya yi a zaure kafin a goge shi, alhali idan wani ya sa tallan turare ko ya taɓo siyasar gida, minti 10 ba ya yi ake cire shi. Da na yi magana aka ce mini ba a so a ga kamar ƙungiya tana goyon bayan tsafi. Wato tsoron a ce ya fi tsoron a cuci yaro. Abin da nake nema a taron wata mai zuwa shi ne a rubuta doka: duk wanda ya sa hoton cikin ɗakin wani ba da izininsa ba, a cire hoton nan take a kuma kira shi ya yi bayani, duk wanda yake da zargi na addini a kan ɗan uwansa ya kai wa dattawan ƙungiya a ɓoye. Mu da muke nesa da gida, sunanmu ne kawai ke zuwa Kano da Katsina da Maraɗi a madadinmu, ba mu nan balle mu kare kanmu, kuma iyayen da ke can ba su da abin da za su auna mu da shi sai abin da aka aika musu.

Na kira Alhaji da kaina ranar Lahadi. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ni yayansu ne a nan, kuma na je gidan na gani da idona." Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya tambaye ni ko yaron yana salla a jam'i, na ce tare muke yi. Ya tambayi sakamakonsa, na karanta masa. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ni ban san wasanku ba, kuma na yarda da kai. Amma a shagona aka nuna mini hoton nan, a gaban mutanen da muka shekara 30 muna zama tare. Wanda ya ce tsafi ne, shi zai dawo ya ce ba tsafi ba ne, a wurin da ya faɗa, in samu abin da zan nuna musu." Ban ga laifinsa ba.

Na je wurin mai hoton sau 2. Na farko ya ce shi nasiha ya yi. Na biyu ya ce zai yi tunani. Yaran sun daina haɗuwa, ɗan Malesiyan yana ta tambayar laifin da ya yi, mujiyar kuma tana cikin aljihun teburina, domin mai ita ya ce ba ya son ganinta. Ɗan uwa, na san za ka karanta wannan. Saura kwana 16 a rufe biyan kuɗin zango, kuma na tura maka lambar Alhaji tun ranar Litinin.